Milimita Shida: Haɗa Keken Tsauni da Kanka ko Sayen Haɗaɗɗe?

Milimita shida ba ta kai kaurin fensir ba. Amma ita ce ta sa keken da na shafe wata huɗu ina tara wa kaya ya ƙara sati biyar jingine da bangon zaure babu ƙafar baya, yara na wucewa suna tambayata ko lalatacce na sayo. Firam ɗin na gwanjo ne, mai kyau, ba tsaga ba lotsawa. Ƙafar kuwa sabuwa ce fil, na yi odarta ta intanet bayan na karanta bayaninta sau uku: inci 29, aksul mai kaurin milimita 12, birkin faifai. Duk sun yi daidai da abin da nake nema. Ranar da ta iso, ko takalmi ban cire ba na farke kwalin. Na zura ta a mazauninta, sai na ji tana ƙwal-ƙwal tsakanin ƙarafan biyu kamar haƙorin da ya kusa fita. Faɗin hob ɗinta milimita 142 ne, firam kuwa 148 yake so. Lambar tana nan rubuce a can ƙasan shafin mai sayarwa. Ni ne ban san ta fi duk sauran muhimmanci ba.

Na kinkima na kai wa dattijon da ke gyaran keke a bakin titinmu, wanda ya fara sana'ar tun zamanin Rali da Fonis. Ya juya ta, ya leƙa, ya ce, "Malam, ai wannan ba abin damuwa ba ne. A sa washa nan, a sa washa nan, shi ke nan." Na ce, "Baba, faifan birkin fa?" Ya sake leƙawa, ya ga faifan ba zai faɗa tsakiyar bakin birkin ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Su kuwa mutanen nan me ya hana su yin abu iri ɗaya?"

A duniyar da Baba ya koyi aiki, kaca kaca ce, sifok sifok ne. Ƙafar wannan keke tana hawa wancan, kan wancan yana hawa wannan, kuma abin da ya ƙi shiga guduma tana lallashinsa. Keken hawan tsauni na zamani ba haka yake ba, kuma duk wanda ke tunanin sayen firam ya haɗa kekensa da kansa, maimakon ya sayi haɗaɗɗe daga kamfani, da tambayar Baba zai fara karo.

Mu da muka saba da tela muna ɗaukan abin da sauƙi. Ka sayi yadi, ka kai a auna ka, a ɗinka maka daidai jikinka, kuma sau da yawa ya fi ɗinkakken kanti araha. To me zai hana keke ya zama haka? Rabin kwatancen gaskiya ne: keken da ka haɗa zai zauna maka kamar rigar da aka auna. Ɗaya rabin, wato maganar araha, a nan ne lissafin yake juyewa.

Abin dariya shi ne asalin wannan keke haɗe-haɗe ne. A shekarun 1970, a gundumar Marin da ke arewa da San Faransisko a jihar Kalifoniya, wasu samari suka shiga tsintar tsofaffin kekunan Schwinn masu faffaɗar taya, na shekarun 1930 da 1940, waɗanda mutane suka yar. Su ɗauko kai da hannun birki na babur su ɗaura, wasu su ƙara giyar keken tsere, su haura tsaunin Tamalpais su gangaro a guje. Wanda ya taɓa zaga Panteka a Kaduna ya san irin wannan aiki. A watan Oktoba na 1976 suka fara tseren gangara da suka raɗa wa suna Repack, ma'ana sake cusa giris, domin birkin da ke cikin hob ɗin baya yakan ɗauki zafi har giris ɗin ya ƙone, sai an buɗe an cusa wani kafin a sake hawa. Hanyar kilomita 3 ce da 'yan kai, amma tana sauka kusan mita 400. Tsofaffin firam ɗin suka riƙa gazawa. A 1977 Joe Breeze ya ƙera firam musamman domin wannan wahala, ya haɗa shi da sababbin kaya, kuma keken nan yana ajiye yanzu a gidan tarihi na Smithsonian a Washintan. A 1979 Tom Ritchey ya shiga ƙera firam, Gary Fisher da Charlie Kelly suna haɗawa suna sayarwa, ɗaya bayan ɗaya, da tsada.

Sai 1981 ta zo. Kamfanin Specialized na Mike Sinyard ya sa aka ƙera masa irin wannan keke da yawa a Japan, ya kira shi Stumpjumper, ya sa masa dala 750, kusan rabin abin da ake biya a kan na hannu. Tun daga ranar aka san amsar maganar kuɗi, kuma ba ta canza ba. Shekara 15 bayan nan, a 1996, tseren keken tsauni ya shiga gasar Olamfik a Atlanta, kuma ba shagunan haɗe-haɗe ne suka kai shi can ba, masana'antu ne.

Dalilin arahar haɗaɗɗe kowane ɗan kasuwa ya san shi: sari. Sunan da ka gani a jikin keke, ko Trek ne, ko Specialized, ko Canyon, galibi firam ɗin kaɗai ne ƙirarsu, shi ma yawanci a masana'antun Asiya ake yin sa, inda Giant da Merida na Taiwan, waɗanda aka kafa duka a 1972, suka yi fice. Giya da birki kuwa kusan duka daga gida biyu suke fitowa: Shimano, wanda aka kafa a garin Sakai na Japan a 1921, da SRAM, wanda ya fara a Shikago a 1987. Fok mai shakazoba sau da yawa daga Fox ne ko RockShox, shi ma RockShox ɗin SRAM ya saye shi a 2002. Kamfanin keke yana sayen waɗannan kaya dubbai a lokaci ɗaya, babu kwali, babu takarda, babu ribar dila da ta mai kanti a kan kowane guda. Kai kuwa fok ɗaya za ka saya, a kwalinsa mai sheƙi, da ribar mutum uku a kansa, da kuɗin aikowa. Haka birki, haka ƙafafu, haka kaca, har igiyar giya da robar kai. Wanda ya je Ƙofar Ruwa ya ce zai sayi mota gaɓa-gaɓa har ta cika, ya san kuɗin mota nawa zai kashe.

Akwai kuma wani abu da ke ba sabon shiga mamaki. A kekunan da ke da shakazoba gaba da baya, kuɗin firam shi kaɗai sau da yawa yakan haura rabin kuɗin cikakken keke mai irin wannan firam ɗin. Abin da ya rage, in ka riƙe shi ka shiga kasuwa, fok da ƙafafu ma da ƙyar zai saya maka. Kamfanoni da dama ma ba sa sayar da firam mai araha shi kaɗai, sai na kabon mai tsada, domin sun san mai neman firam tsura ba mai neman sauƙi ba ne. Rangwame yakan taimaka, gaskiya. Amma ko a 2023, lokacin da kaya suka yi wa shaguna yawa bayan ƙarancin da aka sha a 2020 da 2021 saboda korona, rangwamen bai tsaya kan kayan gyara ba, cikakkun kekuna ma an karya musu farashi sosai.

To in haka ne, me ya sa mutane masu hankali suke haɗawa? Saboda kamfani ma ɗan kasuwa ne, ya san inda idon mai saye ke sauka. Irin dabarar mai tumatir ce, manya a saman kwando. Na'urar sauya giya ta baya tana waje kowa na gani, don haka sai a sa mai daraja. A jerin Shimano, daga Deore ake hawa SLX, sai XT, sai XTR. Za ka ga keke an rubuta XT ɓaro-ɓaro a bayaninsa, amma in ka duƙa sai ka tarar na'urar bayan ce kaɗai XT, maɓallin da ke hannu da kaca da tarin sifaket duk Deore ne. Ba cuta ba ce, Deore kaya ne mai aminci. Inda abin ya fi ciwo shi ne wuraren da ba a rubuta suna: hob mai boris marasa ƙarko, rim mai nauyi, taya mai siririn gefe da dutse ɗaya zai yanka, birki mai ƙaramin faifai a keken da ƙato zai gangara da shi. Sirdi kuwa, da faɗin kai, da tsawon hannun feda, an zaɓe su ne domin wani mutum matsakaici da babu shi a duniya. Manyan kekuna ma yawanci ko feda ba sa zuwa da ita.

Mai haɗawa da kansa yana kashe kuɗi inda ya ga dama. Zai iya sa Deore daga sama har ƙasa, ya juya abin da ya rage kan ƙafafu masu kyau da fok na gaske, waɗanda su ne jiki ke ji a kan hanya. In dogo ne sosai, ko gajere, ko mai nauyi, ko mai ciwon gwiwa da yake son gajeren hannun feda, ba zai sayi abu ya cire ya ajiye ba. Wannan riba ce ta gaske, kuma ba na raina ta. Sai dai tana da sharaɗi: sai ka san abin da kake so, kuma wannan sani daga cinya da tafin hannu yake zuwa, ba daga karatun intanet ba.

Yanzu mu koma kan tambayar Baba, domin a nan ne ake zubar da kuɗi.

Milimita shidan nan tana da dalili. Da ƙafa mai inci 29 ta fara korar mai inci 26, sai aka ga doguwar sifok tana sa ƙafa lanƙwasa a kwana. Aka ce a faɗaɗa hob, sifok su buɗe kamar ƙafafun mai shirin kokawa, ƙafa ta yi ƙarfi, taya mai kauri ma ta sami wuri. Trek da SRAM suka fito da ma'aunin da ake kira Boost wajen 2015: milimita 148 a baya maimakon 142, da 110 a gaba maimakon 100. Sifaket na baya suka matsa waje da milimita 3, don haka dole sifaket ɗin gaba ma ya matsa, in ba haka ba kaca ta yi tafiyar karkace. Ka ga canji ɗaya ya taɓa firam, da fok, da ƙafafu biyu, da feda. Shawarar Baba ma ba shirme ba ce, domin ana sayar da 'yan ƙarafan cike giɓin, har da na matsar da faifan birki, amma gyara ne na dole, ba abin da mutum zai so a sabon keke ba. Kuma bayan 148 akwai 157 a wasu kekuna, akwai tsohon 135 mai siririn aksul a masu araha.

Wannan ƙofa ɗaya ke nan. Ta biyu tana jikin hob ɗin dai, wurin da tarin sifaket ke hawa. Tsohon mazaunin Shimano, wanda ake kira HG, kaurinsa bai barin a sa sifaket mai haƙori ƙasa da 11. Da SRAM ya so haƙori 10, sai ya ƙirƙiro nasa mazaunin mai suna XD a 2012, lokacin da ya fito da tsarin sifaket ɗaya a gaba, 11 a baya. A 2016 ya kai su 12. Shimano ya amsa a 2018 da nasa 12, da nasa sabon mazaunin, Micro Spline. Uku ke nan, kuma babu wanda ke shiga na wani. Har a cikin gida ɗaya akwai tarko: tarin sifaket na SRAM mai araha, NX, kan HG yake hawa, amma na sama da shi, GX, XD yake nema. Mutum ya ce bari ya ɗan ƙara daraja, sai ya tarar sai ya canza wani ɓangare na hob.

Gidan boris na feda ya fi duka rikici. Wani firam yana da zare a ciki irin na noti, faɗinsa milimita 73, ana murɗa boris ɗin a ciki. Wani babu zare, matsa boris ake yi da na'ura, kuma su ma masu matsin kala-kala ne. Sandar da ke ratsa boris ɗin, ta Shimano milimita 24 ce, ta SRAM ta yanzu 28.99, ba 29 ba, wasu kamfanoni kuma 30. Sandar sirdi tana zuwa a 27.2, da 30.9, da 31.6, da 34.9. Kan keke a tsakiyarsa ko 31.8 ne ko 35. Faifan birki ko mai ƙusa shida ne ko mai makulli ɗaya a tsakiya, kuma inda Shimano ya saba yin babban faifai mai milimita 203, SRAM 200 yake yi. Na baya-bayan nan shi ne tsarin giyar da SRAM ya fitar a 2023, wanda ba ya hawa firam sai an ƙera shi da irin mazaunin da kamfanin ya gabatar a 2019 da sunan UDH. Ra'ayina, wasu daga cikin waɗannan canje-canje aikin injiniya ne na ƙwarai, wasu kuwa hanyar ɗaure mai saye ce a gida ɗaya. Ko wanne ne, wanda ya sayi haɗaɗɗe bai san ma ana yi ba. Wani ma'aikaci a kamfani ya riga ya zauna ya daidaita komai, kuma wannan aiki yana cikin kuɗin da ka biya.

Fok ma ba a zaɓensa da son rai. Kowane firam an zana shi ne da tsawon fok da zai ɗauka. Kekunan tseren zagaye suna da shakazoba mai nutsewa milimita 100 zuwa 120, na yawon daji na yau da kullum 130 zuwa 150, na gangara mai tsanani 160 zuwa 180, na gangara zalla kuwa 200. Mutum yakan ce tunda kuɗina ne bari in sa mafi tsawo. Ƙarin milimita 20 yana kwantar da kusurwar gaban keke da kusan digiri ɗaya, ya ɗaga tsakiyarsa, ya canza yadda yake shan kwana, kuma in ka wuce abin da kamfani ya yarda, garantin firam ya tashi. Maganar garanti ma a lura: mai haɗaɗɗe shago ɗaya yake komawa, mai haɗe-haɗe kuwa rasit goma yake ajiyewa, in abu ya lalace kowane mai sayarwa ya ce laifin wancan ne.

Sai aikin hannun kansa. Alanki da sifana ba su isa ba. Akwai makullin ɗaure tarin sifaket da abin riƙe shi, akwai na gidan boris, wanda shi ma kowane iri da nasa, akwai na matsa boris ɗin wuya, da sirinjin fitar da iska daga birki mai mai, da ƙaramin famfo na shakazoba, da makulli mai auna ƙarfin ɗauri. Na ƙarshen nan shi ne wanda ake ganin kamar ɓarnar kuɗi. Mun saba ɗaure noti har sai hannu ya gaji a ƙara da ƙafa. Ƙusoshin da ke riƙe kan keke kuwa wajen Niyuton-mita 5 kawai suke so, abin da yatsu uku ke bayarwa. In kan na kabon ne ka wuce haka, yakan tsage ta ciki ba ka gani ba, ya jira ka a gangara. Fedar hagu zarenta a juye yake, ana ɗaure ta ta inda ake kwance sauran, kuma hannun feda nawa aka kashe saboda rashin sanin wannan, Allah kaɗai ya sani.

Na ga ranar da wani abokina ya yanke bututun fok ɗinsa. Sabon fok yana zuwa da dogon bututu, kai za ka yanke daidai firam ɗinka. Ya auna, ya ja layi da biro, ya ɗauko zarto. Abin da ya manta shi ne murfin boris na sama, wanda ke ajiye kan benci a cikin leda. Da ya gama, ya goge baki, ya zura, ya ɗora murfin, sai bututun ya tsaya ƙasa da inda ƙusa ta sama za ta kama shi. Muka tsaya mu biyu muna kallon guntun da ya faɗi ƙasa. Tela in ya rage hannun riga yana iya ƙara ƙyalle. Wannan ba ya ƙaruwa, kuma fok ɗin shi ne abu mafi tsada a keken bayan firam.

Ga wanda ke Landan ko Balin, kuskure irin nawa kwana uku ne: ya mayar, a canza masa. Ga wanda ke Kano ko Jos ko Damagaram, kuskure yana nufin kuɗin aikowa sau biyu, da kwastan, da canjin dala da ba ya jiran kowa, da makonni na jira, kuma mayarwa ta fi ajiyewa tsada. Ga kuma jabu: kacar Shimano ta bogi da kan kabon na bogi sun cika shagunan intanet, kwalinsu ma ya fi na gaske kyau. Wannan duka nauyi ne a ɓangaren sayen haɗaɗɗe. Amma akwai abu guda da ke ja ta ɗaya ɓangaren, wato gyara. Keken kamfani an tsara shi ne domin ƙasar da ke da dila a kowane gari. Mai haɗawa yana iya zaɓar abin da zai rayu a inda yake: firam mara shakazoba a baya, wanda ba shi da boris na gaɓoɓi da ƙurar hunturu za ta cinye, gidan boris mai zare da za a iya kwancewa a ƙofar gida, taya mai kaurin gefe saboda ƙaya. RockShox ya ce a buɗe ƙasan fok a canza mai bayan kowace awa 50 ta hawa, kuma inda ƙura ta yi yawa ba a ma kai hakan. Ruwan toshe huda da ake zubawa a taya marar tub yana maganin ƙaya ƙwarai, sai dai zafi yana busar da shi da wuri.

A kula da man birki musamman, ko keken haɗaɗɗe ne ko na haɗi. Birkin Shimano man ma'adinai yake sha. Birkunan SRAM da yawa kuwa irin man birkin mota suke sha, DOT 4 ko DOT 5.1, ko da yake wasu sababbinsu sun koma man ma'adinai. In aka zuba man birkin mota a birkin Shimano, robobin ciki suna kumbura su lalace, birki ya mutu. Mai gyaran da bai sani ba zai yi maka haka da kyakkyawar niyya, domin a wurinsa man birki man birki ne. Karanta abin da aka rubuta a murfin, ka tsaya a kansa.

Tsakanin hanyoyin biyu akwai wasu da ba a cika faɗa ba. Wasu kamfanoni, kamar Orbea na Sifen da Propain na Jamus, suna barin mai saye ya zaɓi fok da birki da ƙafafu kafin a haɗa, ya ci arahar sari kuma ya sami zaɓi. Wasu mutane sukan sayi haɗaɗɗe su cire abin da ba sa so tun yana sabo su sayar. Wanda kuma yake da tsohon keke mai kaya masu kyau, firam ne kawai ya yi masa kaɗan ko ya tsage, shi ne mutumin da haɗawa ta fi yi wa araha da gaske, muddin ma'aunan sun dace. Kekunan gwanjo da ke shigowa a kwantena sukan yi amfani a nan, amma mafi yawansu masu inci 26 ne na tsohon ma'auni, kayansu ba za su hau firam na zamani ba.

Nawa keken dai ya tashi daga ƙarshe. Na sake odar wata ƙafar, wannan karon da ma'auni a hannu. Yana tafiya yadda nake so, na san kowace ƙusa a jikinsa, in ya yi ƙara a daji na san daga ina take tun ban sauka ba. Wannan sanin ba a sayar da shi a kwali. Amma da na zauna na tara rasit, har da makullan da na saya da ƙafar da ta ƙi shiga, na ga kuɗin ya isa haɗaɗɗe wanda ya fi nawa daraja da mataki guda.

Don haka in wannan ne kekenka na farko, sayi haɗaɗɗe. Ka duba girman firam ya yi maka, ka duba ma'aunansa na zamani ne, ka duba fok ɗin, ka rabu da sunan da aka rubuta a na'urar giya. Ka hau shi damina da rani. Abin da ya dame ka, sirdi ne ko taya ko faɗin kai, ka canza shi ɗaya-ɗaya. Ranar da ka iya faɗin abin da kake so da lamba, ba da "mai kyau" ba, ka isa sayen firam. Kafin ka biya kuɗin komai, ka rubuta ma'aunan firam ɗin a takarda ka liƙa a bango.

Ƙafar nan mai 142 tana nan rataye a zaure, ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba. Wanda yake da firam ɗin da zai ɗauke ta ya zo mu daidaita, amma ya auna kafin ya taso.